Kumburin Ƙafar Malam Mashud

Da ƙafafun Malam Mashud suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, sai ya daina fita da tasi. Likita a unguwar Tremont ta birnin da yake zaune a Amurka ya kira ciwon "edema", ya sa masa ranar Laraba don gwajin zuciya. Shi kuwa ya riga ya shirya da wani wanzami a unguwar Mount Hope, a yi masa ƙaho a zuƙe mugun jini.

'Yarsa Nuriyya, mai karatun aikin jinya, ta ce, "Baba, kalmar daga Girkanci ta fito, ma'anarta kumburi kawai. Yau likitoci na faɗinta idan ruwa ya taru a jiki."

"Wato abin da na kai masa shi ya dawo mini da shi da Girkanci?"

Ta durƙusa, ta danna ƙwaurinsa da babban yatsa. Da ta ɗaga, wurin ya lotsa, ya ƙi tasowa.

"Ruwa ne, Baba. Ƙaho ba zai gaya mana daga ina yake zuwa ba."

Ya daɗe yana kallon wurin. Can ya ce, "Ranar Laraba ki raka ni asibiti. Wanzamin kuma ke za ki ba shi haƙuri, ni kunyarsa nake ji."