Farin Saƙin Iya Rifkatu

Iya Rifkatu ba ta da ɗa ko jika, Sailuba kuma ba ta da kaka, sai suka riƙe juna. Tsohuwar ungozoma ce, mutuniyar Wusasa, ita kaɗai ce Kirista a layinsu na Ƙofar Jatau. Ita ta yanke cibin rabin yaran unguwar, shi ya sa da ƙarfinta ya ƙare, Malam Inuwa maɗinki, mahaifin Sailuba, ya ba ta ɗakin da ke kusa da rijiya.

A ƙasan adakarta akwai wani farin saƙi. Kowa ya san likkafaninta ne. Amma duk shekara in Kirsimeti ta matso, sai ta fito da shi, ta wanke, ta aika coci a Wusasa, a naɗe 'yar tsanar da ake kwantarwa a komin dabbobi a matsayin jariri Yesu. Bayan biki a dawo mata da abinta.

Hajara, mahaifiyar Sailuba, ba ta taɓa son wannan al'ada ba.

"Iya, ke da kika san haihuwa, ina aka taɓa naɗe jariri da likkafani?"

"A wurinmu, 'yar nan," in ji Iya tana dariya. "Ke dai miƙo min sabulu."

A shekarar da muke magana, Iya ba ta iya tashi ba. Malama Saratu, matar fasto, ita ta zo ta karɓi saƙin. Da ta tafi, Sailuba ta zauna bakin gado tana ba Iya kunu a ludayi.

"Ƙawata," in ji Iya, "in tafiya ta kama ni kafin a dawo da shi, ki ce a karɓo. Manya za su manta."

"Ai kin ara wa jaririn."

"A'a, nasa ne. Ni zai ara wa." Ta ture ludayin a hankali. "Tun yana kwance a komin nan kabari ya dosa, saboda irina. Cikin kyautar da baƙi suka kawo masa har da mur, wanda ake shafa wa gawa. Ya shiga kabarin, ya fito, ya bar zanen a ciki. In a cikin nasa aka sa ni, ba na jin tsoro."

Sailuba ba ta gane duka ba, amma ta ce to.

Da hantsin jajiberen Kirsimeti Iya ta cika. Malam Inuwa ya ajiye allura, ya hau kekensa ya kai labari Wusasa. Kafin azahar ga a-kori-kura a ƙofar gida, da akwatin gawa da matan coci, sun zo da rigar leshi mai kyau da za a sa wa Iya. Maƙwabta suka shimfiɗa tabarmi a zaure.

Sailuba ta tsaya a bakin ɗakin, ta riƙe labule. Ba wanda ya ambaci saƙin.

"Matsa mana, 'yammata," in ji Malama Saratu.

"Mama, ba wannan ta ce ba," Sailuba ta amsa mata.

"Sailuba, manya na aiki," in ji Hajara daga tsakar gida.

Yarinyar ba ta saki labulen ba. Ta faɗi abin da Iya ta ce, yadda ta iya tunawa, har da maganar mur.

Malama Saratu ta dubi rigar da ke hannunta.

"Maganarta ce, ba shakka. Sai dai an riga an shirya komin. Gobe da safe coci zai cika. A bar shi ba sutura?"

Can sai Hajara ta sunkuya, ta sauke jaririnta Sani daga bayanta, ta miƙa shi ga Sailuba. Ta kaɗe zanen goyon, ta ninke.

"Ungo, Malama. Ba don 'yar tsanarku ba, don Iya. Da hannunta ta fara naɗe yaron nan a ciki."

Malam Inuwa ya ɗaure zanen a bayan keke, ya sake kama hanyar Wusasa.

Bayan la'asar ya dawo da saƙin, da ɗan ƙaiƙayin ciyawar komin a jikinsa. Wata mata ta kai hannu za ta kaɗe, Malama Saratu ta ce a bari. Suka naɗe Iya tun daga kai har ƙafa, suna waƙa ƙasa-ƙasa. Mazan zaure suka miƙe tsaye da aka fito da akwatin.

Sailuba ta raka motar da ido har ta sha kwana, Sani na barci a kafaɗarta. Abin da ta gane shi ne, gobe jaririn Iya zai kwanta a zanen gidansu, Iya kuma ta tafi a nasa, ba ta jin tsoro.