Anko a Kan Kwata

Kyamarar ba ta fi sabulun wanka girma ba. Ta gwanjo ce, a Ibadan na saye ta wajen wani mai shago da ya ƙi haɗa ido da ni, don haka duk hanya ina kunna ta ina kashewa, ina jiran ta mutu a hannuna. Ba ta mutu ba.

Kwatar da ta ratsa kasuwarmu ta Oke-Ola ta toshe tun ina sakandare. Da an yi ruwa, baƙin ruwa sai ya hau har ƙarƙashin tiren tattasai, kowa ya tattare zani ya ci gaba da ciniki. Ranar Alhamis kansila zai zauna da unguwanni a zaɓi wadda za a fara yi wa aiki. Na gaji da surutu. Hoto nake so in ajiye masa a gaba.

Ina fito da kyamarar a kasuwa, Iya Mulika mai garin doya ta rufe kwanonta.

"Gbenro, mene ne wannan?"

"Kyamara ce, Iya."

"Mun san masu hoto. Tasu ƙatuwa ce, a wuya take, kowa na gani. Wadda ake ɓoyewa a aljihu kuwa, sai mai wata manufa."

Mai kifin da ke gefenta ta ce, "Duba-gari ne suka ba shi. Tun da ya dawo daga jami'a yake shinshinar rumfunanmu kamar akuya."

Na ce, "Iya, ke fa kika goya ni."

"Shi ya sa na san idonka."

Suka tasa ni gaba har wajen shugabar matan kasuwa, Alhaja Sidikatu. Na kwanta rub da ciki na gaishe ta yadda muke gaida manya a garinmu, na yi bayani. Ta karɓi kyamarar da yatsu biyu, ta juya ta, ta leƙa gilashin kamar wani na zaune a ciki.

"Wa zai ga hoton?"

"Kansila da manyan gari, Alhaja."

"Manyan gari," in ji ta. Ta dubi matan, suka dube ta. "To, ɗana. Mayar da ita aljihu. Ka dawo Laraba da safe."

Ban yarda da wannan kallon ba. Na zaci zan tarar an haɗa ni da 'yan banga.

Abin da na tarar ya fi haka muni. An share kasuwa tas. Matan duk sun sha anko shuɗi, gwaggwaro kamar zai taɓo kwanon rufi. Kwatar kuwa an rufe ta da katako, an shimfiɗa tabarmi, an jera benci a kai. Suna zaune sahu-sahu, Alhaja a tsakiya, wari na tasowa ta ƙarƙashin takalmansu.

"Alhaja, ai kwatar nake so."

"Kai ka ce manya za su gani. A gidanku haka ake fita gaban manya, da ƙazanta?"

"Ƙazantar ce hujjarmu!"

"Hujjarka dai. Mu fuskarmu ce."

Na sunkuya zan ɗaga katako ɗaya, Iya Mulika ta ɗora ƙafa a kai.

"Ɗauki hotonmu, ɗan boko, kwalliya na narkewa. In kuwa abin leƙen asiri ne, yau za mu gani."

Mata masu shekarun uwata sun zuba mini ido. Na ɗauka.

Ranar Alhamis na yi magana har muryata ta dushe. Kansila ya ce yana son gani da ido, Alhaja ta zungure ni, na miƙa masa kyamarar. Ya daɗe yana kallo.

"Ƙaramar aba, amma dubi yadda ta fito da komai," in ji shi. "Oke-Ola, ku kam ba ku da matsala. Sauran unguwanni su yi koyi da ku."

Aka ba wata unguwa aikin. Matan suka tafa, Alhaja ta rusuna ta yi godiya. A bakin ƙofa ta riƙo hannun rigata.

"Ashe yaron kirki ne kai. A wanke mana hoton babba, za mu rataye a rumfa."