Farar Ƙafar Damson

"A hankali mana, Winnie! Ina jin ta tana tattake mini kabeji!"

Mista Thirkell ne daga kan gado. Murya ta shaƙe, amma masifar tana nan daram. Winnie ta ci gaba da jan Damson, tsohuwar goɗiyar marigayi mijinta, har dabbar ta zura kai ta taga.

Shekara talatin suna maƙwabtaka. Mutumin da ya zana dawakin manyan Yorkshire ta Ingila kaf, yau ga shi ido ya tafi, likita kuma ya ce saura kwanaki. Zanensa na ƙarshe yana jingine gefen gado. Damson ce, da ka ya zana ta lokacin da ganinsa ya fara dushewa, don ya bar wa Winnie. Abu ɗaya ya hana shi sakat: Damson na da farar ƙafa ɗaya, yana tsoron ko ya sa farin a ƙafar da ba ita ba.

Ya lalubi hancin goɗiyar, ya daɗe yana shafawa.

"Duba mini. Wace ƙafar baya ce fara?"

Winnie ta leƙa. Ta dama ce. Ta dubi zanen. Ta hagu ya yi.

"Daidai ka yi, Mista Thirkell."

"Kin yi tari kafin ki amsa. Haka kike yi in kin ƙona burodi kika ce murhu ne."

"Haba, wa zai lura?"

"Ni. Shekara sittin ban taɓa yi wa doki ƙazafi ba, ba zan fara a bakin kabari ba. Shigo ki riƙe mini hannu."

Ta ɗaure Damson ta shigo, tausayinsa duk ya cika ta. Ta matso farin fenti, ta sa masa buroshi, ta kama tsintsiyar hannunsa ta kai ƙafar dama. Hannun ba nauyi ko kaɗan. Amma da buroshin ya taɓa, sai hannun ya tsaya daram. Ja uku ya yi.

"Saura ɗayar, mu shafe ta," ya ce yana haki. "Bari in ɗan huta. Ɗora mana shayi, kada ki tsinka shi."

Ko da ta dawo da kofuna biyu, ya cika, buroshin na kan ƙirjinsa.

Winnie ta ajiye shayin, ta rufe masa ido, ta yi kuka mai isarta. Sannan ta zauna bakin gadon tana kallon zanen. Damson ce tsaye cikin ciyawa da fararen ƙafafu biyu, ɗayar fentin bai ko bushe ba.