Ranar da Ciwon Ya Fara

Wata biyar Likita ya yi yana fama da shafi huɗu. Mutumin da ya shekara talatin yana rubuta wa jama'a magani da rubutun da shi kansa ba ya iya karantawa, sai ga shi ya koma ɗan koyo a gaban kwamfuta, yana danna haruffa da yatsu biyu kamar kaza na tsintar tsaba. Rahoto yake shirya wa wata mujallar likitoci, a kan wata mata mai shekara hamsin da biyu da wani ciwo mai kashe ƙarfin tsoka ya yi ajalinta. Ciwo ne da ba kasafai ake ganinsa ba, kuma so yake likitan da zai gamu da shi nan gaba ya gane shi da wuri. Matar nan matarsa ce, bara ta rasu.

A teburin cin abinci yake aikin, tunda babu sauran mai ci a kansa. Fayil ɗinta na asibiti ya mamaye gefe guda, hotunan ƙirji da takardun gwajin jini suka cinye sauran. Idan ya dawo aiki da la'asar sai ya kunna rediyo, ba don ya saurara ba, don dai a ji muryar wani a gidan. Kaɗaici ya yi masa katutu, amma ko abokan aikinsa bai taɓa faɗa wa ba.

Su kuwa masu mujalla, Allah ya yi su da ƙa'ida. Ba a sa sunan marar lafiya, ba a sa sunan unguwa, hoto sai an rufe idanu. Sau biyu suna dawo masa da rahoton ba tare da kowa ya karanta ba: na farko wai tazarar layuka ba ta kai ba, na biyu wai ya jera littattafan da ya duba ba bisa tsarinsu ba. Ya gyara yana tsaki. A karo na uku ne sakatariyar edita ta rubuto da kanta. Ta yi masa ta'aziyya a layi ɗaya, sannan ta ce tunda ya sanar da su shi ne mijin marigayiyar, sa hannunsa a takardar izini ba zai wadatar ba. Sai wani na jikinta ya karanta rahoton ya amince, cikin mako biyu, in ba haka ba su rufe fayil.

Na jikinta mutum ɗaya ya rage, 'yarsu tilo, malamar makaranta, tana aure a can ƙarshen gari. Ba faɗa suka yi ba. Tun bayan rasuwar dai maganarsu ta koma ina kwana da lafiya lau, kowa na sauri ya ajiye waya. Kwana tara takardar na cikin motarsa kafin ya iya juya kan motar wajen gidan 'yar.

Ya same ta a falo da tarin littattafan ɗalibai, jan biro a hannu.

“Baba! Kai ne da rana tsaka haka? Lafiya dai?”

“Lafiya lau, Malama. Ɗan aiki na kawo miki. Sa hannu ne kawai, amma wai sai kin karanta.”

Ta kawo masa ruwa, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa yadda ta saba tun tana ƙarama, ta fara karatu. Shi kuma ya zuba wa agogon bango ido. A shafi na biyu, inda ya jera tarihin ciwon wata bayan wata, yatsarta ta tsaya.

“Nan ka ce ciwon ya fara wata shida kafin rasuwarta.”

“Haka ne. Ranar da na kai ta asibiti ke nan, ga kwanan watan a fayil.”

“Ranar da aka buɗe fayil ke nan, Baba. Ba ranar da ya fara ba.”

Ya buɗe baki zai yi mata bayani irin na likitoci, ta riga shi.

“Shekara guda kafin nan Umma ta daina ɗinki, allura ta ƙi zama a hannunta. Da yamma fatar idonta ta hagu sauka take yi, sai ta ɗaga ta da yatsa tana dariya, wai ido ya tashi aiki kafin mai shi. Ruwa ma ƙwarewa take yi da shi. Ni nake zuwa in taje mata kai, don hannunta ba ya kaiwa sama.”

Duk alamun nan Likita ya san su, shi da hannunsa ya rubuta a shafi na uku cewa ciwon da safe yake lafawa, ya tsananta in rana ta yi sanyi. Shi kuwa da safe kawai yake ganinta. Takan ba shi shayi garau da ita, ya fita, ya dawo da dare ta riga ta kwanta.

“Me ya sa ba ku faɗa mini ba?”

“Ta faɗa maka sau ɗaya, kana sa takalmi. Ka ce gajiya ce, ta rage aiki. Daga nan ta hana ni magana, wai masu jiranka a layi sun fi ta bukata.”

Ba da faɗa ta yi maganar ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi masa sauƙi. Ta ja layi a kan wata shida da jan bironta, ta rubuta wata goma sha takwas a samansa, sannan ta juya takardar izini ta sa hannu.

“Na sa maka. Gyaran kuma tsakaninka da Allah, ni ba mujallar likitoci nake karantawa ba.”

Ta roƙe shi ya tsaya a sauke abinci, ya ce wata rana.

Rana ba ta faɗi ba ya isa gida. Babu wanda zai taɓa sanin komai idan ya tura yadda yake: fayil ya ce wata shida, edita fayil zai yarda da shi, kuma wata shida ba abin kunya ba ne ga kowane likita. Ya daɗe zaune hannunsa a kan takardar, yana jin maƙwabta na kiran 'ya'yansu su shigo. Rahoton da ya yi wata biyar yana gyara wa tazarar layuka ƙarya ce a cikinsa, kuma likitan da zai karanta zai ɗauka ciwon farat ɗaya yake zuwa.

Ya goge shida, ya sa goma sha takwas. Ya ƙara allurar, da fatar idon, da ƙwarewar, kowanne a watansa. A ƙarƙashin dalilan da suka sa aka makara, inda a da ya ɗora laifin a kan ƙarancin kayan gwaji, ya buɗe sabon layi ya danna a hankali da yatsunsa biyu: “Akwai likita a gidan duk tsawon wannan lokaci, kuma bai gani ba.”

Ya karanta sau ɗaya, ya tura.