Shafin Godiya

…kuma wai ita za ta duba. Ita da ta koyi haɗa baƙi a jikin kwalin magani, tana jinyar babansu. "Umma, ki duba min," in ji Auta, ta jibge mata takardu a kan keken ɗinki, ta shige wanka. Jami'o'i biyu sun ɗauke ta karatun digiri na uku, yau za ta ba ɗaya amsa. Ɗaya nan bayan kasuwa, mota guda. Ɗayar kuwa — sai an kwana a hanya.

Hoto dai kowa ya iya. Ciyawa kore shar, ɗalibai sai murmushi. Ita ko riga ba ta saye sai ta juya cikinta ta ga ɗinki. Ta ture hotunan, ta jawo kundayen binciken ɗaliban da suka gama. Cikinsu ya fi ƙarfinta, ba ta musu. Amma shafin farko, inda ake godiya… wannan kam ta iya.

Na jami'ar kusa. Farfesa wane, mai girma, mai daraja — layi ɗaya, a bushe. Ɗalibi na biyu ma haka, kamar baki ɗaya ya faɗa musu. Na uku yana gode wa matarsa da ta yi haƙuri shekara tara. Tara! Gwiwar nan da ke ƙara in za a yi sujada, za ta kai tara?

Shagon matar nan da ta koya mata ɗinki. Guga, shara, guga, shekara nawa ba a ba ta almakashi ba? Ita ma ranar tafiya godiya ta yi. Layi ɗaya.

Na nesa. "Malamata da ta karanta babi na huɗu sau shida." Wata kuma: "da ta jira ni har na yaye ɗana." Yatsanta ya tsaya a nan, ya ƙi gaba.

To wa zai sani? In ta ce ta kusa ta fi, shi ke nan. Tsohuwa ce, ina ruwanta da boko, ba mai tuhumarta. Ɗakin nan ba zai yi tsit ba. In ido ya gaji, wa zai zura mata zare a allura, wa zai…

Ƙarar ruwa ta ɗauke a banɗaki.

Sati guda tana roƙon Allah Ya zaɓa wa yarinyar nan mafi alheri. Mafi alheri ta ce — da bakinta. Ba ta ce mafi kusa ba. Me ya hana ta ƙarawa?

"Umma, kin ga wani abu?"

Ta gani. Wayyo Allah, ta gani…