Shafin da Jan Biro Bai Taɓa Ba

A Ijebu-Igbo kowa ya san Baba Ronke ba ya zuwa coci, ba ya zuwa masallaci, kuma bai taɓa kai wa boka ko ƙwan kaza ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana malamin asibiti a garin. Da ya ajiye aiki ya dawo gida da abu uku: keke, da kwalba mai ɗauke da wata tsutsar ciki mai tsawon kamu shida, da ƙaton littafin kiwon lafiya da aka ba shi tun yana ɗalibi a Ibadan.

Littafin nan shi ne abin kallo. Duk lokacin da masana suka sake magana, sai Baba Ronke ya ɗauko jan biro ya soke tsohon layin, ya rubuta sabon bayani a gefe, da kwanan wata, da sunan wanda ya gano kuskuren. Inda aka ce a tsaga saran maciji a tsotse, ya soke. Inda aka ce a rage wa yaro mai gudawa abinci, ya soke. Wasu shafukan sun yi ja kamar an yanka zakara a kansu.

Wan matarsa, Shobowale, dattijo ne a cocin masu farar riga, kuma ba ya wuce ƙofar gidan bai tsaya ya yi tsiya ba. Yakan ce littafin da ke sake magana kowace shekara ai mai shaidar zur ne, nasu kuwa tun da aka rubuta shi ko ɗigo bai motsa ba. Baba Ronke yakan amsa cewa gawa ma ba ta motsi. Ya ce nasa littafin in ya yi kuskure yakan buɗe baki ya ce ya yi, shi ya sa ya yarda da shi. Shekara da shekaru suna wannan, suna cin goro ɗaya.

Amma akwai shafi guda da jan biro bai taɓa ba, na ɗari da goma sha biyu. A nan aka rubuta cewa a kwantar da jariri rub da ciki, don kada ya shaƙe da tumbuɗinsa. Shekara uku ke nan Baba Ronke ya karanta a wata mujallar likitoci cewa an gano akasin haka: jariran da ake kifawa sun fi mutuwa a cikin barci. Ya karanta sau biyu, ya cusa mujallar a bayan kwalbar tsutsa, bai gaya wa kowa ba.

A damina ta 1995 'yarsu Ronke ta haifi namiji. Bayan suna ta dawo gida don mahaifiyarta ta kula da ita, domin mijinta yana aiki a Fatakwal. Ta zo da wata takarda daga asibitin haihuwa mai cewa a kwantar da jariri rigingine. Iya Ronke ta duba takardar, ta ninke ta, ta tokare ƙafar tebur da ita. Ta yi wa jaririn wanka, ta shafe shi da man kaɗanya, ta kife shi a kan katifa mai laushi. Ronke ta yi magana, uwar ta ce wadda ta haihu jiya ba za ta koya mata riƙon ɗa ba.

Kwana uku Baba Ronke yana laɓaɓawa ɗakin yana juya yaron, matarsa kuma tana shigowa tana mayar da shi. In yaron ya yi shiru da yawa sai ya tashi ya je ya sa bayan hannunsa kusa da ɗan hancin.

Rana ta huɗu da azahar ta kama shi da yaron a hannu. Shobowale yana falo yana cin ikokore, abincin doyar nan da ƙanwarsa ta dafa masa, sai ya taso da kwanonsa ya tsaya a bakin ƙofa.

“Ajiye shi yadda na ajiye shi,” in ji Iya Ronke.

Ya ce ba zai ajiye ba. Ya ce an yi bincike a ƙasashe da yawa, an ƙirga dubban yara, magana ta sake. Shobowale ya yi dariya har da buga cinya, ya ce to ga shi nan, jiya ciki yau baya, gobe sai a ce a rataye yaro da ƙafa kamar jemage. Ran Baba Ronke ya ɓaci. Ya ce masa ya fita da rigar barcinsa ya je ya kaɗa ƙararrawa, a nan maganar numfashin yaro ake yi, ba maganar mala'iku ba.

Iya Ronke ba ta kula ko ɗayansu ba. Ta wuce falo ta ɗauko littafin, ta jefa shi a kan gado kusa da ƙafar mijinta. Ba ta iya karanta Turanci ba, amma ta buɗe shafin kai tsaye, domin ta san zanen da ke jikinsa.

“Wa ya koya mini?” ta ce. “Uwata ta zo daga Ago-Iwoye ta kwantar da Muyiwa rigingine, ka tsaya a nan ka kira ta jahila. Ka buɗe wannan shafin ka sa mini a ido. Ka bi matan garin nan gida gida kana koya musu. Wa ya koya mini, Baba Ronke?”

Muyiwa ɗansu na fari ne, wan Ronke. Watansa uku, lafiyarsa ƙalau, aka kwantar da shi wata rana bayan ya sha nono, bai tashi ba. Shekara ashirin da bakwai ba a ambaci sunansa a gidan ba.

Shobowale ya ajiye kwanon. Ya fara cewa Ubangiji ne ya bayar, Ubangiji ne ya karɓa, sai ƙanwarsa ta juyo ta ce Yaya ya rufe mata baki, wannan kalmar ita ta riƙe ta duk shekarun nan, ba sai an ara mata ba. Ta sake fuskantar mijinta.

“In takardar nan gaskiya ce, to da hannuna na kife Muyiwa. Kana so in juya wannan yaron, in yarda da hakan? Kai da kake taƙama littafinka yana amsa laifinsa, ga shafin nan fari tas. Ina jan biron?”

Baba Ronke ya so ya ce ba laifin kowa ba ne, a lokacin iyakar sanin ke nan. Gaskiya ne kuwa, amma ya san in ya faɗa ya zama Shobowale mai wata rigar. Ya miƙa wa Ronke jaririn, ya je ya janyo mujallar daga bayan kwalba, ya ajiye a gaban matarsa, ya gaya mata shekara uku tana nan.

“Shekara uku,” ta ce. “Matsoraci.”

Bai musa ba. Ya ce bai san abin da ya kashe Muyiwa ba, kuma babu mai iya sani yanzu. Mai yiwuwa kwanciyar ce, mai yiwuwa ba ita ba ce. “Amma ba hannunki ba ne. Bakina ne. Ni na ce a kife shi.”

Ya zare biron daga aljihu. Ya soke tsohon layin da ƙarfi har biron ya huda takardar. Ya rubuta sabon bayanin a gefe, ya sa kwanan wata. Da ya zo inda yakan sa sunan masanin da ya gano kuskure, ya miƙa hannu zai duba mujallar. Iya Ronke ta danne ta da tafin hannu.

“Ba sunan Bature za ka sa ba. Rubuta sunan ɗana.”

Ya rubuta cikakken sunan Muyiwa, Olumuyiwa Oshinaike, harafi bayan harafi, tana tsaye a kansa sai da ya gama. Sannan ta karɓi jikan daga hannun Ronke, ta cire katifar mai laushi ta jefar ƙasa, ta shimfiɗa zane a kan tabarma, ta kwantar da shi fuskarsa na kallon rufin ɗaki. Ta zauna kusa da shi ta juya wa mijinta baya.

Shobowale ya fita bai ƙarasa abincinsa ba. Wata biyu Iya Ronke ba ta yi wa Baba Ronke magana ba, sai dai ta aiko Ronke ta ce abinci yana kan tebur. Yaron kuwa ba ta sake kifa shi ba.