Motar Mutumin Abuja

Shekarata ashirin da bakwai ina tuƙa Alhaji Bubayero, ko akuya ban taɓa gogewa ba. Amma wata ɗaya da zuwan sabuwar motar nan aka fara kallon ƙafata kamar ta mai ciwo.

Zuhair ne ya aiko ta, ɗan farin Alhaji da yake aiki a Abuja. Ni na riƙa kai shi firamare yana kuka yana share majina a kujerata, lokacin yana ce mini Baba Yahuza. Yanzu ya girma, na koma Malam Yahuza. Motar kuwa mai ci biyu ce, tana shan fetur, kuma ana jona ta a bango kamar waya. In batirinta a cike yake ba ni da abin cewa, kafin ka gama taɓa totur ta tafi, shiru, ko kaza ba ta jin zuwanta. Amma mu a unguwarmu ta Takur a Dutse sai a kwana biyu ba a kawo wuta ba, don haka yawanci da batir a ƙasa nake fita da ita. A nan ne halinta yake fitowa. Ka rage gudu, injin ya kashe kansa. Ka ga hanya, ka taka, sai ta yi tsit. Ba ta mutu ba, ba ta kuma tafi ba. Sai ta gama tunaninta, injin ya farka da gurnani, sannan ta fizga. Daƙiƙa biyu ne ko uku, amma duk direba ya san yawan mutanen da suka mutu a cikin daƙiƙa biyu.

Ranar wata Talata ta yi mini haka a shataletale, ina ɗauke da Hajiya Laraba, matar Alhaji. Na sako kai, motar ta tsaya tunani a tsakiyar hanya, wani mai adaidaita ya ja birki har fasinjarsa ta zamo daga kujera. Bai bar mini ko kakana ba wajen zagi. Hajiya waya kawai ta ɗauka ta kira Abuja. Ranar Juma'a sai ga Zuhair.

Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya sa aka tayar da janareto, aka cika batirin taf, ya shiga ya zaga Dutse ya dawo yana murmushi. Ya kai ta wajen mai duba mota da kwamfuta, kwamfuta ta ce lafiya ƙalau. To ni wane ne da zan ja da kwamfuta?

"Alhaji ƙarami, sai batirin ya sauka take yi," na ce.

"An gina ta ne don haka, Malam Yahuza. In batir ya sauka inji ya karɓa." Ya dube ni sama da ƙasa. "Yanzu shekarunka nawa?"

"Hamsin da tara."

"Ka ga. Ba laifi ba ne, jiki ne. Ƙarshen wata za mu duba yadda za ka huta."

Hutu! 'Ya'yana mata biyu suna makarantar koyon jinya, ni za a ce wa hutu. Na juya wajen Alhaji, yana zaune a kan dardumarsa a gindin dogon yaro yana jan carbi. Mutumin nan a bayana yake zama kullum, duk tsayawar da motar ta yi da shi a ciki. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Sai ya sunkuyar da kai.

Na san dalili, sanin bai rage mini takaici ba. Alhaji Bafulatani ne na gaske, duk da shekarun da ya yi a ofis. Tunda aka haifi Zuhair ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinsa. "Mutumin Abuja" yake cewa, da can kuma "yaron nan". Ba ya kallonsa ido cikin ido, ba ya yabonsa, ba ya kushe shi. Ranar da motar ta iso ma cewa kawai ya yi a gyara mata wuri a inuwa. Mutumin da ba zai iya cewa "madalla" ba, ina zai iya buɗe baki ya ce kyautar ɗan fari tana da aibu? Kunya abu ne mai kyau, amma ranar na ga za a biya ta da abincin gidana.

Ranar Lahadi da safe aka bugo daga Taura. Adda, yayar Alhaji wadda ta goya shi, ta rasu. Za a yi jana'iza ƙarfe sha ɗaya. Alhaji ya fito idonsa jajir, ya shiga baya. Zuhair ya buɗe gaba ya zauna kusa da ni.

"Yau zan ga tuƙin da idona," ya ce.

Ba a kawo wuta ba tun jiya, batirin bai kai rabi ba. Muka bar Dutse ina kallon hanya da ido ɗaya, ɗayan yana kan ɗan koren layin da yake nuna caji. Motar tana tafiya kamar ruwa, munafuka, kamar ba ita ba. Mun wuce Kiyawa Zuhair ya ce, "To ina matsalar?" Na ci gaba da kallon layin. Kafin mu fita daga Jahun koren layin ya ƙare.

Kuma ranar kasuwar Gujungu ce. Muka tarar da wata doguwar mota cike da shanu, ƙahonni sun leƙo ta saman katako, tana rarrafe tana zubo mana hayaƙi. Hanyar siririya ce, motocin da suka sauke kaya suna dawowa a guje ɗaya bayan ɗaya. Da tsohuwar motarmu ce na san abin da zan yi, in sauke giya, in leƙa, in wuce kafin Alhaji ya ɗaga kai. Wannan kuwa duk lokacin da na ɗaga ƙafa a bayan babbar motar sai in ji injin ya yi shiru, kuma na san in na fita ɓangaren can sai ta tsaya shawara.

Rata ta farko ta zo, na bar ta. Ta biyu ma haka.

"Ga hanya, Malam Yahuza."

"Ba ta isa ba."

"Ta isa tirela ma! Ƙarfe goma da minti ashirin fa. Ka san ba a jiran kowa da gawa."

Na sani. In aka ce sha ɗaya, sha ɗayan ce, ko waye bai iso ba. Na kalli madubi, Alhaji yana kallon gonakin gero, carbi yana tafiya a hannunsa. In na fita, ina iya kashe mu. In na zauna, Alhaji ya rasa sallar yayarsa, ni kuma na tabbatar wa yaron nan cewa na tsufa. Rata ta uku ta zo, mai kyau, doguwa. Ƙafata ta yi nauyi a kan totur, zuciyata ta ƙi. Na bar ta ta wuce.

"Tsaya," in ji Zuhair. "Sauka gefe."

Na sauka gefe. Ya miƙo hannu, na ciro makullin daga aljihuna na ba shi. Shekara ashirin da bakwai ba wanda ya taɓa karɓar makulli a hannuna a kan hanya. Na zagaya na zauna a kujerar fasinja, ban san ma inda zan ajiye hannuwana ba.

Minti biyu ya kamo motar shanun. Ya rage gudu a bayanta, na ji injin ya ɗauke. Ya leƙa. Can gaba akwai wata farar bas tana tahowa, da nisa, nisan da kowace mota mai hankali za ta ci.

"Alhaji ƙarami, kada ka..."

Ya karkata sitiyari ya fita, ya taka.

Tsit.

Muna gefen tayoyin baya na babbar motar, a hannun da ba namu ba, motar tana gangarawa da ragowar gudunta kawai. Ya sake takawa har ƙasa, na ji ƙarar takalminsa. Bas ɗin ta fara kunna fitila. Sannan injin ya farka, motar ta fizga da ƙarfin da ya kai mu tsakiyar jikin babbar motar, inda ba gaba ba baya. Ina ganin fuskar direban bas ɗin, bakinsa a buɗe.

"Zuhair! Zuhairu!"

Daga baya muryar ta fito. Ban san lokacin da na kama sitiyarin na murɗa shi hagu ba. Muka bar kwalta gaba ɗaya, muka faɗa gefen can, bas ɗin ta ratsa tsakaninmu da motar shanu tana oda. Muka yi ta karya karan gero har motar ta tsaya da kanta.

Injin ya sake kashe kansa, sai ƙarar kara yana goga ƙarƙashin mota. Zuhair ya riƙe sitiyari da hannu biyu. A hankali ya juya baya. Na ɗauka zai tambayi ko an ji ciwo ne, amma kallon mahaifinsa kawai yake yi, kamar bai taɓa ganinsa ba. Hannun Alhaji yana kan kafaɗarsa, ya damƙe rigar, carbin ya tsinke ya watse a ƙasa.

Alhaji ya saki rigar, ya mayar da idonsa taga.

"Subhanallahi uku take yi kafin ta tashi," ya ce. "Tun satin da ta zo nake ƙirgawa."

"Baffa, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Alhaji ya ci gaba da kallon taga, kuma duk mun san dalili. Ni haushi ne ya taso mini, sai kuma na ga hawaye yana bin gemunsa, haushin ya rasa wurin zama.

Zuhair ya fito, ya zagayo ya buɗe mini ƙofa. Ya miƙo makullin da hannu biyu.

"Baba Yahuza, kai mu."

Na fitar da motar daga gonar da baya, na hau kwalta. Goma da minti arba'in. Ba a jima ba muka sake kamo motar shanun, tana nan tana rarrafenta. Na kalli madubi.

"Alhaji, in muka bi ta ba lallai mu samu sallar ba."

"Bi ta a hankali," ya ce. "Kabari ɗaya aka haƙa a Taura yau."

Na bi ta. Zuhair ya sunkuya yana tsintar 'ya'yan carbin ɗaya bayan ɗaya daga ƙarƙashin kujera, yana tarawa a tafin hannunsa.